Zoɓo, zogale da daddawa: me ke cikinsu da yake aiki a jiki, kuma ina iyakarsa?

Jan nan na zoɓo, wanda in ya ɗiga a farar riga sai an sha fama kafin ya fita, shi ne abu mafi daraja a cikin kofin gaba ɗaya. Sinadari ne da masana suke kira antosayanin, shi ne a jikin jar albasa da baƙin inabi, kuma danginsa ne suke ba jar dawa da karan dafi launinsu. Irin waɗannan sinadarai tsiro yana yin su ne don amfanin kansa, ɗacin shuwaka, yajin citta, warin tafarnuwa, baurin goro, mafi yawansu makamai ne da Allah ya hore wa tsirrai su kare kansu daga ƙwari da cuta da zafin rana tunda su ba sa iya gudu. To amma in mu muka ci, wasu daga ciki sai su taɓa wani abu a jikinmu, su ɗan sassauta jijiyar jini, ko su rage saurin shigar sukari cikin jini bayan cin abinci, ko su rage kumburin da ke cin jiki a hankali ba tare da mutum ya sani ba.

Su fa ba irin furotin ko sitaci ko mai ba ne da jiki ke ginuwa da su ko ya samu ƙarfi, kuma yawancinsu ba kamar bitamin ba ne da in ka rasa shi wata cuta takamaimai za ta bayyana maka. Mutum zai iya shekara goma bai sha zoɓo ba kuma ba abin da zai same shi sabida hakan. Aikinsu na ƙari ne, kuma sai an daɗe ana ci ake ganin sa. Ƙasar da ta fara ɗaukar zancen da muhimmanci a hukumance ita ce Japan, da suka ga tsofaffi suna ƙaruwa kuma kuɗin asibiti yana ta hawa, sai a 1991 suka kafa tsarin ba da izini ga abincin da aka kawo hujjar cewa yana da wani amfani na musamman ga lafiya, daga nan kasuwar ta bazu duniya har ta iso mana cikin kwalabe da kafso masu tsada.

Abin da ke damuna shi ne mun rabu gida biyu a kan wannan magana kuma kowane gida ya yi nisa. Akwai masu tura saƙo a WhatsApp cewa zogale yana maganin cuta ɗari uku, akwai kuma waɗanda suka yi boko da in ka ambaci zoɓo ko tafarnuwa sai su ce camfi ne. Ni abin da na fahimta daga binciken da aka yi shi ne amfanin gaskiya ne, an auna shi a jikin mutane, amma ƙarami ne, a hankali yake zuwa, kuma hannun mai girki yana iya ninka shi ko ya kashe shi tun kafin ya iso baki.

Mu tsaya a kan zoɓo tukuna, don shi ne aka fi gwadawa a jikin ɗan adam cikin abubuwan da muke da su. A 2010 aka wallafa wani gwaji da aka yi a jami'ar Tufts da ke Boston a Amurka, mutum 65 ne waɗanda jininsu ya fara hawa amma ba su fara shan magani ba, aka raba su biyu, kashi ɗaya suna shan kofi uku na zoɓo kullum har sati shida, ɗaya kashin kuma aka ba su wani ruwa mai kama da shi wanda ba zoɓo a ciki. Da aka auna, lambar sama ta awon jinin masu shan zoɓon ta sauka da maki 7.2, ta waɗancan kuma da 1.3 kawai, kuma waɗanda jinin nasu ya fi hawa tun farko su suka fi ganin saukar. Kafin nan, a 2004, an yi wani a Meziko inda aka gwada shi da maganin hawan jini kaftofiril na tsawon sati huɗu aka ga sakamakon ya yi kusa da juna, haka nan a Inugu an yi makamancinsa a 2015 a kan 'yan Najeriya masu matsakaicin hawan jini, shi ma jinin ya sauka. Duk gwaje-gwajen ƙanana ne, mutane kaɗan, makonni kaɗan, amma dai alƙiblarsu ɗaya.

Ta yaya yake yi? Akwai wani sinadari a jikinmu da aikinsa shi ne ya samar da abin da ke tsuke jijiyoyin jini, shi ne magunguna irin su lisinofiril da kaftofiril suke toshewa. An gano antosayanin ɗin zoɓo yana ɗan taɓa shi, ba da ƙarfin ƙwayar magani ba, sannan kuma zoɓo yana ɗan ƙara fitsari, wanda shi ma hanya ce ta saukar da jini.

To maki 7 ɗin nan, babba ne ko ƙarami? Ya danganta da wa ake magana. Wani babban nazari da ya fito a 2021, wanda ya tattara gwaje-gwajen magungunan hawan jini da yawa, ya nuna duk saukar maki 5 a lambar sama tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da bugun zuciya da kusan kashi 10 cikin 100. A ƙasa irin tamu Najeriya da kusan ɗaya cikin manya uku yake da hawan jini, kuma da yawa ba su ma san suna da shi ba, wannan ba abin rainawa ba ne. Wanda jininsa yake 135 in ya dawo 128 ya samu alheri. Amma baban da jininsa yake 180, in ya ajiye maganinsa ya koma zoɓo, ko da ya samu saukar gaba ɗaya 173 zai dawo, har yanzu yana bakin haɗari, ƙodarsa da idonsa da ƙwaƙwalwarsa suna nan suna shan matsi. Wannan shi ne abin da ke sa raina ya ɓaci in na ji an ce wa dattijo "Baba ka bar ƙwayoyin Turawan nan, ga na gargajiya", wallahi ana iya kashe mutum da irin wannan shawara cikin ƙauna.

Sai kuma yadda muke haɗa shi. Zoɓon da aka yi gwajin da shi jiƙa shi aka yi a tafasasshen ruwa na 'yan mintoci aka tace, ba wani lodin kaya. Namu fa? Uwar gida, ki lura ranar da kika jefa ɗan gutsuren kanwa ko bakin foda a tukunyar zoɓo don ki kashe tsaminsa, nan take zai yi kumfa ya taso, jan nan mai haske ya juya ya yi duhu kamar zai koma shuɗi ko baƙi. Mutane suna son haka don gani suke ya fi kauri kuma sukari kaɗan zai ishe shi. Amma wannan sauyin launin shi kansa sinadarin ne yake sauya siffa a gaban idonki, antosayanin a cikin tsami yake zama lafiya, da zarar an kashe tsamin sai ya fara lalacewa da sauri. Ga shi kuma kanwa da bakin foda dukansu sodiyom ne a cikinsu, wato abin da ke cikin gishiri wanda aka ce mai hawan jini ya rage. Haka ma doguwar tafasa, a bar shi a wuta yana ta ɓararraka, zafi yana cin sinadarin. Sai a zo a antaya sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce giram 50 a yini ga babban mutum, kusan ƙaramin cokali 12 ke nan, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi, to gora ɗaya ta zoɓon kasuwa mai zaƙi rau tana iya cinye kaso babba na wannan. Mai ciwon suga ko mai ƙiba da yake shan irinsa don lafiya tufka da warwara kawai yake yi.

Kuma tunda yana aiki a jiki, dole yana iya karo da magani. A Sudan, inda suke shansa sosai kamar mu, wani bincike na 1994 ya nuna shan zoɓo ko ruwan tsamiya ko na lemon tsami tare da maganin zazzaɓin cizon sauro kulorokwin yana rage yawan maganin da ke shiga jini. Wanda yake shan maganin hawan jini kuma ya ƙara da zoɓo mai yawa jininsa yana iya yin ƙasa fiye da kima ya ji jiri. Mai juna biyu kuma likitoci sun fi ba ta shawarar ta yi taka-tsantsan kada ta mayar da shi ruwan sha, sabida abin da aka gani a gwajin dabbobi.

Wani abin takaici, mu muke noma shi a Jigawa da Kano da Katsina, a loda shi a kwantena a kai Meziko, can suna shansa a matsayin abin sha na yau da kullum, mu kuma yaranmu sun fi ganin darajar lemon kwalba.

Yanzu bari in zo kan inda aka fi yaudarar mutane, wato kalmar "bincike ya nuna". Sau da yawa in ka bi diddigin binciken sai ka tarar a ɗakin gwaji aka yi, an zuba ruwan ganye mai ƙarfi a kan ƙwayoyin kansa da ke cikin faranti sun mutu. To abubuwa da yawa suna kashe su a faranti, tambayar ita ce in ka ci ganyen nawa ne zai tsallake ciki da hanji da hanta ya isa jini, kuma da wace siffa zai isa. Amsar ita ce kaɗan ne ƙwarai. Dangin sinadaran da ake kira folifenol, waɗanda na zoɓo da na shayi da na kuka duk suna ciki, ɗan ƙaramin kaso ne ƙaramin hanji yake tsotsewa, mafi yawa wucewa suke zuwa babban hanji. Shekaru an yi ta tallata abinci da lambar ƙarfinsa na kashe gurɓatattun sinadarai a kwalbar gwaji, wannan ya fi wancan sau kaza, har ma'aikatar noma ta Amurka tana da jadawali a kai, amma a 2012 ta cire jadawalin daga shafinta, ta ce lambobin ba sa nuna abin da ke faruwa a jikin mutum kuma 'yan kasuwa suna amfani da su ba daidai ba.

Amma wucewar da suke yi zuwa babban hanji ba asara ba ce, a nan ma abin ya fi ban sha'awa. A can akwai ƙananan halittu biliyoyi da suke zaune tare da mu, su ne suke farfasa waɗannan sinadarai zuwa ƙanana da jiki zai iya ɗauka, kuma su ne suke cin harzar abinci da mu ba ma iya narkarwa, irin ta wake da aya da garin kuka da dusar gero, su mayar da ita wasu sinadarai da bangon hanji yake ciyuwa da su. Tunda kuwa halittun cikin kowa daban ne, ya danganta da abin da ya saba ci, shi ya sa mutum biyu za su sha abu ɗaya, ɗaya ya ga canji ɗaya bai ga komai ba, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Daga nan sai mutum ya ce to ai sai a tatso sinadarin a dunƙule shi a kafso a sha da yawa. An gwada. An daɗe da lura cewa masu cin ganye da karas da yawa ba su cika kamuwa da kansar huhu ba, sai aka zaci bita-karotin, sinadarin da ke ba karas launinsa, shi ne sirrin. A Finlan aka ɗauki maza masu shan sigari kusan 29,000, wasu aka ba su ƙwayar bita-karotin kullum na tsawon shekaru, da sakamako ya fito a 1994 sai ga kansar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin masu shan ƙwayar. Wani makamancinsa a Amurka sai da aka dakatar da shi a 1996 kafin lokacinsa, don shi ƙarin ya kai kashi 28. Abin da yake alheri a cikin karas ya zama sharri da aka ware shi aka ninka. A gefe guda kuma, a Sifen an gwada mutum sama da 7,000 masu haɗarin ciwon zuciya, ba kafso aka ba su ba, abinci aka gyara musu, ganye da wake da kifi tare da man zaitun ko 'ya'yan itace masu ɓawo irin dangin gyaɗa, aka samu raguwar bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi 30 cikin 100. A cikin abinci sinadaran suna zuwa ne da yawa tare, kowanne ɗan kaɗan, da harza da mai da ruwa, jiki ya san yadda zai yi da su a haka.

Kurkur ma haka. Sinadarinsa kurkumin bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari na garin ba kuma da ƙyar yake shiga jini, sai wani bincike a Indiya a 1998 ya nuna in aka haɗa shi da sinadarin da ke cikin masoro shigarsa tana ninkuwa har sau 20. A miya wannan ba matsala. Amma da kamfanoni suka fara yin kafso mai ƙarfi na haɗin biyun, sai aka fara samun rahoton mutanen da hantarsu ta taɓu a Italiya da Amurka.

Ba wai ina cewa ba a samun magani daga tsiro ba ne, ana samu mana. Maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu daga wani ganyen ƙasar Sin aka samo shi, matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. Nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan don masu sikila, kuma cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa. Amma waɗannan sun bi ta awo da gwaji a kan marasa lafiya, an san nawa ake sha kuma wa zai sha.

Zogale kam ganye ne mai albarka, wannan ba gardama. Busasshen ganyensa kusan kashi ɗaya cikin huɗu furotin ne, ga kalsiyom, ga bita-karotin da jiki ke mayarwa bitamin A, ga wasu sinadarai masu ɗan yaji 'yan uwan na kabeji da ake ta nazari a kansu game da suga da kumburi. Gwajin da aka yi a kan masu ciwon suga ƙanana ne kuma sakamakonsu bai zo ɗaya ba, wasu sun ga ɗan sauƙi wasu ba su gani ba, don haka matsayinsa abinci ne mai kyau ga mai suga, ba madadin maganinsa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne kwaɗon da iyayenmu suke yi, a dafa ganyen, a matse, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da ɗan barkono da ɗan mai a cakuɗa. Bita-karotin ba ya shiga jiki sosai sai da maiƙo, to ga man ƙuli nan, kuma ɗanyen tumatir yana kawo bitamin C da ke taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfen da ke cikin ganyen. Inda ake asara shi ne a dafa shi har ya yi ja ya yi laushi tiɓis, wani lokacin da kanwa, sannan a zubar da ruwan, abin da ke narkewa a ruwa ya tafi kwata ke nan. Masu shan ruwan zogalen ko su yi miya da shi sun fi dabara. Mai shanya ganye kuma, na zogale ne ko na kuka, a inuwa ya kamata ya shanya inda iska take shiga, rana tana cin karotin, shi ya sa garin kukar da ya yi kore shar ya fi wanda ya koɗe. Saiwar zogale da ɓawonsa kuwa wani abu ne daban, akwai sinadarai masu guba a ciki, mai ciki ma kada ta kusance su.

Farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka, wanda ake damawa da nono, yana da bitamin C mai yawa kuma kusan rabinsa harza ce. Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da shi a 2008, yanzu a ƙaramar leda ake sayar musu da shi da tsada.

Akwai kuma ɓangaren da masu talla ba sa faɗa, shi ne sinadari ɗaya yana iya zama alheri ga wani ya zama matsala ga wani. Tanin, wato baurin da ke cikin shayi da goro da jar dawa, yana cikin waɗanda ake yabo, amma shi ne kuma yake kama sinadarin ƙarfe a cikin hanji ya hana shi shiga jini, kofin baƙin shayi tare da abinci yana iya rage abin da jiki zai ɗauka da fiye da rabi. Ga namiji ƙosasshe mai cin nama ba wani abu ba ne. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. To matar da aka ba ƙwayar ƙarin jini a wajen awon ciki, ta zo tana kora ta da shayi kullum da safe, an rage mata amfanin ba ta sani ba. Ta ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakaninsu, ta kora da ruwa ko ta sha lemon zaƙi a kai, shi ke nan fa gyaran.

Gero da dawa da wake su ma suna da wani mai suna faitet da yake riƙe ƙarfe da zinki. A nan ne nake jinjina wa tsofaffinmu, don duk abin da suke yi wa hatsi kafin ya zama koko ko kunu, a jiƙa ya kwana, a niƙa, a tace, a bar ƙullun ya yi tsami, ko a tsirar da dawa a yi kunun zaƙi, duk wannan yana tayar da wani sinadari da ke farfasa faitet ɗin ya saki abin da ya riƙe. Garin tsiro ma yana da wani amfanin, in aka barbaɗa kaɗan a kunun yaro mai kauri sai ya tsinke, yaron ya sha abinci mai yawa a ɗan ƙaramin cikinsa ba tare da an cika masa ruwa ba. Surfe kuwa yana da fuska biyu, yana rage faitet amma yana tafiya da dusar da mafi yawan harza da folifenol suke ciki, shi ya sa ga babba mai suga ko ƙiba tuwon da ba a yi wa surfe fes ba ya fi masa farar shinkafa da fulawa.

Daddawa ita ce aka fi zalunta. Duk wanda ya ga ana yin ta ya san aiki ce, a dafa kalwa awanni masu yawa har ɓawon ya saki, a surfa a wanke, a sake dafawa, a zuba a kwando ko ƙwarya a lulluɓe da ganye da buhu a ajiye a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku, in aka buɗe sai ka ga ta yi yauƙi ga wari ya cika gida, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Wannan yauƙin da warin aikin wata ƙwayar halitta ce mai suna Basilus sabtilis, irinta ce dai mutanen Japan suke ruɓar da waken suya da ita su yi abincinsu natto da ake ta yabo a duniya. Ita take farfasa furotin ɗin kalwa ya zama mai sauƙin narkewa, ta rage abubuwan da ke kumbura ciki, kuma a nan ɗanɗanon nan mai daɗi yake fitowa. Gwajin da aka yi kan cewa daddawa tana saukar da jini yawancinsa a kan ɓeraye ne, don haka ni ba a nan nake kafa hujja ba. Hujjata ita ce magi kusan rabinsa gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a yini, to miyar da aka sa wa daddawa isasshiya aka rage mata magi daga biyar zuwa biyu ta riga ta yi wa mai hawan jini aiki, ko da daddawar ba ta da wani sirri na daban.

Tafarnuwa sinadarinta alisin ba ya nan sai an daka ta ko an yanka, a lokacin ne abubuwa biyu da ke ware a cikinta suke haɗuwa, kuma zafi yana tsayar da haɗuwar, don haka a daka a bar ta kamar minti goma kafin a jefa a tukunya. Tumatir shi akasin haka ne, jan sinadarinsa ya fi shiga jiki in an dafa shi da mai. Manja kuwa jansa karotin ne, in aka bar shi a wuta har ya yi hayaƙi ya washe an ƙone abin da ya sa ya fi sauran mai.

Kada kuma mu ɗauka duk abin da ya fito daga gona lafiya ne. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira aflatoksin, wadda aka tabbatar tana jawo kansar hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ciwon hanta nau'in B, wanda muke da shi da yawa. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu sabida gurɓatacciyar masara. Dafuwa ba ta kashe ta. Ƙuli-ƙulin da na yaba a kwaɗo, in da ruɓaɓɓiyar gyaɗar da aka tsince aka yi shi don arha, to ya zama abin gudu, haka garin ganye ko kayan yajin da aka shanya a ƙasa aka ƙulle a leda da sauran laima.

Masu sayen haɗin gargajiya na kwalba kuma su duba lambar NAFDAC da kyau. Wadda ta ƙare da harafin L tana nufin an duba cewa abin ba ya cutarwa a gwajin da aka yi, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana warkar da cututtukan da aka jera a jikin kwalin, shi ya sa za ka ga an rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Wanda yake da hawan jini kuma yana son ya gwada zoɓo, hanyar a buɗe take. Ya ci gaba da maganinsa, ya gaya wa likitansa, ya jiƙa zoɓon a ruwan zafi ba kanwa ba sukari, in tsamin ya yi masa yawa ya ƙara ruwa ko ya sa citta da kanumfari da ɓawon abarba, ya riƙa auna jininsa a lokaci ɗaya kullum ko bayan kwana biyu yana rubutawa a takarda. Bayan sati shida ya kai wa likita takardar, in lambobin sun sauka likitan ne zai duba ko akwai abin da za a rage a maganin.